Jinya a Zamanin Tsada: Kada a Huce a Kan Dami

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Duk gidan da ciwo mai tsanani ya taɓa shiga ya san gaskiyar wannan magana. Ran da likita ya ce maigida ya sami shanyewar ɓarin jiki, ko ƙodar uwargida ta gaza, ko kuwa ciwon daji ne ya kama Baba, daga ran nan zaman gidan ya sake. Wani zai rufe shagonsa a Kantin Kwari, wata za ta bar teburinta a kasuwar Sabon Gari, su ɗauki tabarma da buta da filas su koma zaman asibiti. Gama a ƙasarmu ɗan'uwa shi ne ƙafar majinyaci. Shi ke bin layin biyan kuɗi, shi ke sayo magani, shi ke kai jini ɗakin gwaji, in kuma an ce a yi ƙarin jini, shi ke neman wanda zai bayar.

Wannan nauyi mun gaje shi, iyayenmu ma sun ɗauka. Amma a 'yan shekarun nan an ɗora wa mai jinya kaya na biyu, watau ɓacin rai saboda halin da ƙasa take ciki. Ga damuwar ɗan'uwa a kai, ga haushin masu mulki a ƙirji. Ya mai karatu, tambayar da nake so mu duba tare ita ce, a ina wannan haushi yake sauka, wa kuma yake shan wahalarsa?

Haushin yana da dalili

Kada kowa ya ce wa mai jinya haushinsa na banza ne. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000. Kuɗin adaidaita sahu daga Fagge zuwa asibitin Malam Aminu Kano a hanyar Zariya ya bi sawunta. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. Mu mutanen Fagge ba sai an gaya mana ba, ga 'yan canji nan a Wapa. Da yake yawancin magunguna, ko kayan haɗa su, daga Indiya da Sin da Turai ake kawo su, duk sa'ad da dala ta motsa a Wapa, sai farashin ƙwaya ya motsa a kemis. A watan Agusta na 2023 kamfanin magunguna na GlaxoSmithKline ya sanar zai rufe harkarsa a Nijeriya, wasu magungunan da mutane suka saba da su suka yi wuyar samu. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kusan kashi 35 cikin 100.

Har wa yau ga ƙarancin likitoci. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru. Likitoci masu neman ƙwarewa, waɗanda su ne ƙashin bayan manyan asibitoci, sun yi yajin aiki na wata biyu a 2021, suka sake yi a 2023. Tun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi domin lafiya, amma kasafin gwamnatin tarayya bai taɓa kai haka ba. Shi ya sa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun iyali yake fitowa kai tsaye.

To, wanda ya san wannan duka, ga kuma takardar magani a hannunsa, ba mamaki in zuciyarsa ta tafasa.

Inda haushin yake sauka

Amma fa minista ba ya cikin ɗakin. Waɗanda ke kusa su ne matar gida, da yara, da nas, da majinyaci kansa. Shi ne abin da ake cewa jin haushin kaza, huce kan dami. Nas ɗin da muka ɗaga wa murya, ita ma adaidaita ta hau zuwa aiki, watakila kuma aikin mutum uku take yi ita kaɗai. Matar da aka yi wa tsawa a kan cefane, ita ce ta kwana tana juya mara lafiya.

Wanda ya fi kowa cutuwa kuwa shi ne na kwance. Ciwo ya kama jikinsa, kunnensa yana nan lafiya lau. Na san wani gida a Sabon Gari inda tsohonsu ya sami shanyewar ɓarin jiki saboda hawan jini. Kullum da yamma 'ya'yansa maza sukan zauna a bakin gadonsa da rediyo, suna zagin gwamnati, suna lissafin abin da maganinsa ya ci a watan nan da abin da ya ci bara. Ba da mugun nufi suke yi ba, hira ce kawai. Bayan 'yan makonni aka auna jininsa aka ga ya hau ƙwarai. Surukarsa ce ta gane dalili sa'ad da take sake zanen gado, ta tarar da ƙwayoyi a ƙulle cikin hankici a ƙarƙashin matashi. Ta durƙusa ta ce, “Baba, me ya sa?” Ya ce, “'Yata, in na sha yau na tsallake gobe, na wata ɗaya zai kai wata biyu. Yaran nan sun gaji.”

Tsohon nan bai san cewa maganin hawan jini ba a yi masa tsallake ba. Wanda ya taɓa samun shanyewar jiki, in ya bar maganinsa, yana cikin hatsarin samun na biyu, na biyun kuwa sau da yawa ya fi na fari muni. Haka mai ciwon suga. Haka mai tarin fuka, wanda in ya yanke maganinsa kafin wata shida ɗin su cika, ciwon yakan dawo ya ƙi jin maganin da ya saba ji. Maganar tsada da muke yi a gaban majinyaci, mu hira muka ɗauke ta, shi kuwa yana jin ana cewa ya zama kaya.

Abin da ke hannun iyali

Farashin dala ba ya hannunmu. Amma akwai abubuwa da dama da ke hannunmu tun daga yau.

Na fari, a fitar da lissafi da siyasa daga ɗakin majinyaci. Maganar kuɗi a yi ta a tsakar gida ko a waya daga nesa. In yana son rediyo a bar masa, amma a lura da abin da yake ji da dare, gama shirye-shiryen cacar bakin 'yan siyasa ba sa kawo barci.

Na biyu, a raba aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yawancin gidaje mace ɗaya ce ake bar wa jinya, mata ko 'ya ko suruka, sauran dangi sai “Ya mai jiki?” a waya. A zauna taron dangi tun makon farko. A rubuta wanda zai kwana ran Litinin, da wanda zai kwana ran Talata. Ɗan'uwa da ke Legas ko Ingila, wanda ba zai iya kwana ba, a yanka masa abin da zai riƙa aikowa duk wata, a faɗa masa adadin a fili. Mai jinya na kullum kuwa a ba ta yini ɗaya cikakke a mako, ta yi barci, ta je sujada, ta ga 'ya'yanta. In ita ma ta faɗi, majinyata sun zama biyu.

Na uku, a sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. A gefe ɗaya sunan kowane magani da lokacin shansa da abin da likita ya ce. A ɗaya gefen, kuɗin da ya shigo da wanda ya fita. Littafin nan yakan taimaki likita in an koma, yakan kuma kashe zargi tsakanin 'yan'uwa tun bai tashi ba. Mutum ɗaya ya riƙa ba da magani da hannunsa, yana ƙirga abin da ya rage.

Na huɗu, kada a ji kunyar gaya wa likita cewa kuɗi sun gaza. Magani ɗaya yakan zo da sunayen kamfanoni daban daban, wani ya ninka wani tsada, alhali abin da ke ciki iri ɗaya ne. A roƙi likita ya rubuta ainihin sunan maganin, a kuma tambaye shi wane gwaji ne na dole yanzu, wanne ne zai iya jira. Amma a kiyayi arahar da ta wuce hankali. A saya a wurin mai lasisi, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A watan Fabrairu na 2024 hukumomi sun rufe shagunan magani masu yawa a Sabon Gari, aka umarci masu sarin magani su koma sabuwar kasuwar Dangwauro a hanyar Zariya, domin a iya sa ido a kan abin da ake sayar wa jama'a.

Na biyar, in da hali a ajiye maganin mako biyu a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen Kano sun ga kullen korona a 2020, sun ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sun kuma ga dokar hana fita ta sa'a 24 da aka sa ran 1 ga Agusta 2024 sa'ad da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikice. A kowanne cikinsu akwai waɗanda maganinsu ya ƙare ƙofa tana rufe.

Na shida, a koyi aikin hannu daga wurin nas kafin a sallame ku. Wanda ba ya iya motsi a riƙa juya shi duk bayan sa'a biyu domin kada gyambo ya fito masa a baya da ɗuwawu. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci domin kada ya shaƙe. A rage gishiri da dunƙule a miyar mai hawan jini. Kada a fasa kai mai shanyewar jiki wurin gashi, gama watannin farko su ne jiki ya fi amsawa. In kuwa baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, sai asibiti nan take, ba a jira gari ya waye.

Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa

Wanda haushi ya cika shi yakan ce babu komai a ƙasar nan, sai ya ƙi tambaya. Alhali akwai 'yan ƙofofi. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, haka kuma maganin rage kaifin cuta mai karya garkuwar jiki. Jihar Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, wadda ma'aikata da 'yan kasuwa ke iya shiga, kuma dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusu domin marasa galihu. Manyan asibitoci suna da ofishin duba halin waɗanda suka kasa biya. Mai ciwon ƙoda, wanda akan yi wa wanki sau biyu ko uku a mako, ya sani a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, saboda haka ya tambaya ko ragin ya iso inda yake zuwa. Asibitin Malam Aminu Kano kuma tun 2002 ya fara dashen ƙoda. Ba kowace ƙofa za ta buɗe ba, wata ma sai an koma sau uku. A ba wannan aiki ga wanda ya fi haƙuri da sanin takarda a cikin dangi.

To, haushin fa?

Ba a ce a haɗiye shi har ya zama ciwo ba. A ba shi lokacinsa, a kuma ba shi aiki. Mai jinya ya ji labarai sau ɗaya a yini ya isa, sauran lokacin ya ajiye wayar. Ya sami aboki ɗaya, ko dattijon ikkilisiya, wanda zai riƙa zazzage masa cikinsa a waje da gida. Ya kai sauran ga Ubangiji cikin addu'a, amma ya yi nesa da duk wanda ya ce masa shan magani rashin bangaskiya ne.

Sa'ad da jinya ta yi sauƙi, abin da idonsa ya gani kada ya tafi a banza. Ya rubuta wa ɗan majalisarsa, ya faɗi abin da ya faru da rana da wata. Ya shiga kwamitin lafiya na mazaɓarsa. Ya ba da jini domin wanda bai sani ba. Ran da masu neman ƙuri'a suka zo unguwa, ya tambaye su maganar asibiti, ya kuma tuna da amsarsu ranar zaɓe. Haushin da aka kai inda ya dace yana iya gyara wani abu.

Ga masu zuwa dubiya

Zumunci a ƙafa yake, mutanen Fagge da Sabon Gari kuwa, Kirista da Musulmi, ba a bar su a baya ba wajen gaida mara lafiya. Sai dai mu gyara yadda muke yi. Kada mu daɗe. Kada mu kawo labarin wanda irin wannan ciwo ya kashe, ko na wani mai magani a ƙauye da zai sa a zubar da na asibiti. Maimakon “In akwai abin da kuke so ku faɗa,” gara a ce, “Mama, ran Alhamis ni zan zauna da Baba daga safe zuwa la'asar, ki je ki huta.” Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa suna iya raba kwanaki: wannan ta kawo kunu, wancan ya kai yara makaranta, mai mota ya ɗauki nauyin ranar komawa asibiti. Abin da za a miƙa na kuɗi a miƙa shi a waje, ba a gaban majinyaci ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa hannun masu jinyarsu, ya kuma ba shugabanninmu zuciyar tausayi. Amin.