Shiri na Musamman: Zaɓen Kayan Kare da Kyanwa Masu Aminci da Ƙarko

Kayan da kare ko kyanwa ke buƙata ba su da yawa: abin wuya, igiyar ja, takunkumi, kwanon abinci, sai abin wasa. Kafin a saya ana duba girman dabbar, da abin da aka yi kayan da shi, da kuma halinta, domin abin da ya dace da kare yakan zama ajalin kyanwa.

Abin wuyan kare dole ya riƙe. Wanda aka fi yarda da shi shi ne na fata mai kauri irin wadda dukawa ke ɗinkawa, ko na nailan mai faɗi, da zoben ƙarfe da aka yi wa walda, ba wanda aka lanƙwasa kawai ba. Idan an ɗaura, yatsu biyu su iya shiga tsakaninsa da wuya. Kwikwiyo yana saurin girma, saboda haka a riƙa sassauta masa. Waya ko siririyar igiyar roba kan nutse cikin fata, wurin ya zama gyambo, ƙudaje su yi ƙwai a ciki. Kare mai gajeren hanci irin buldog, da wanda ke yawan fizgar igiya, ɗamarar ƙirji ta fi musu, don ba ta matse maƙogwaro. Sarƙa kuwa tana ɗaukar zafi da bazara, don haka a inuwa ake ɗaure kare, da ruwa a kusa.

Abin wuyan kyanwa kuma dole ya saki. Kyanwa tana hawa bishiya da katanga, tana kutsawa ta ƙarƙashin danga. Idan reshe ya kama abin wuyan bai ɓalle ba, za ta shaƙe. Shi ya sa ake yin nata da maɓallin da ke buɗewa da kansa in an ja shi da ƙarfi. Mai roba mai talewa ma yana da haɗari: takan zura ƙafar gaba a ciki, ya maƙale a hammata, ya yi ta yanka har sai an ga jini.

Haka maganin kaska da ƙuma. Sinadarin permethrin da ake sa wa wasu magungunan karnuka guba ne ga kyanwa, yana sa ta makyarkyata da farfaɗiya, har ya kashe ta. A karanta takardar da ke jikin kwali, a tambayi likitan dabbobi.

Takunkumi mai kyau shi ne mai kamar kwando, wanda kare zai iya buɗe baki a ciki, domin da haki yake rage zafin jikinsa. Mai ɗaure baki ƙam na 'yan mintoci ne kawai, lokacin allura. Takunkumi ba ya maye gurbin rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa da cutar daga kare suke ɗauka, kuma a Najeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa allurar.

Wajen abinci, kwanon ƙarfe marar tsatsa ya fi na roba, wanda haƙora ke kartawa datti ya taru a ciki. Ƙwallon wasa ya zama ya fi ƙarfin haɗiya. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya huda hanji. Kyanwa kuma a nisanta ta da zare: in ta haɗiye, wani gefen kan naɗe a ƙarƙashin harshe, hanji ya tattare a jikin sauran, sai da tiyata. Wanda ya ga zare ya leƙo daga bakinta ko duburarta kada ya ja, ya kai ta asibitin dabbobi.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Masu sauraro da ke kiwon waɗannan dabbobi su riƙa duba ɗinki da zobe da maɓalli kowane mako, duk abin da ya fara tsinkewa ko tsatsa a sauya shi nan take.