Ɗan Aike Ya San Gidan Da Aka Aike Shi

Matafiyin da ya tashi daga Kano ya bi hanyar Zariya, ya karkata a Kwanar Ɗangora ta ƙasar Ƙiru ya nufi Tudun Wada da Doguwa, da wuya ya wuce babban gari bai ga dogon ƙarfen kamfanin waya ba. Tun 2001, da aka fara wayar hannu a Nijeriya, ƙarafan nan su ke ta yaɗuwa. Yau masunci a Tiga ta ƙasar Bebeji, da mai cinikin shinkafa a Tudun Wada, da manomin masara a Doguwa, kowa da tasa a aljihu. Da ita a ke jin farashi, da ita a ke aika kuɗi, da ita kuma samari ke shiga intanet.

To, akwai wani al'amari da mu ke so masu karatu su lura da shi. A waɗannan garuruwa galibin mutane ƙofa ɗaya gare su ta shiga intanet, watau kamfanin da ya sayar musu da layi. Duk abin da mutum ya nema, ta hannun kamfanin zai fita, ta hannunsa kuma amsa za ta komo.

Dattawa za su tuna da gidan waya na da. Ma'aikaci ba ya buɗe ambulan, amma ya san wanda ya aiko, ya san wanda aka aika wa, ya san sau nawa a wata. Haka sha'anin ya ke a nan. Yawancin shafuna yanzu a kulle su ke, kamfani ba ya iya karanta abin da aka rubuta a ciki. Amma galibi ya kan ga sunan shafin da aka shiga, da lokacin, da yawan datar da aka ci. Ya kuma san ƙarfen da wayar ta kama, saboda haka ya san ko a Riruwai mai ita ya kwana ko a Bebeji. Wanda kuwa ya ga mutum yana zarya ƙofar mai ba da rance sau uku a mako, ba sai an gaya masa abin da ke kai shi ba.

Daɗa kuma ba baƙo kamfani ke kallo ba. A 2011 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta sa aka shiga rajistar layuka da hoto da zanen yatsa. Da MTN ya yi jinkirin yanke layuka fiye da miliyan 5 marasa cikakkiyar rajista, sai aka yanka masa tarar naira tiriliyan 1.04 a 2015, daga baya aka sauko da ita zuwa biliyan 330. Cikin Disamba 2020 kuma aka ba da umurni kowa ya haɗa layinsa da lambarsa ta ɗan ƙasa. Ban da wannan, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni su adana bayanin masu layi da na zirga-zirgarsu har shekara 2. Don tsaro aka yi duk wannan, kuma wanda ya san dajin Falgore da dare ba zai raina hujjar tsaro ba. Amma rumbun da aka cika don wata bukata, lalle masu wata bukatar za su yi sha'awarsa.

Masu talla su ne kan gaba. Mai shelar magani a kasuwa kowa ya ke yi wa, mai ciwo da mai lafiya. Da zai sami wanda zai raɗa masa sunayen masu ciwon kaɗai, da ya biya da murna. Wannan raɗa ita ce hajar.

ABIN DA YA FARU A WAJE

Ba zato mu ke yi ba, an yi a ƙasashen da suka riga mu. A Ingila, kamfanin waya na BT ya gwada na'urar wani kamfani mai suna Phorm a 2006 da 2007, tana bin shafunan da mutane dubbai ke shiga don a zaɓa musu talla, ba tare da an gaya musu ba. Asiri ya tonu a 2008, jama'a suka yi ca, a 2009 BT ya janye. A Amurka, Verizon ya riƙa liƙa wata ɓoyayyiyar lamba ga zirga-zirgar masu layinsa, yadda masu talla za su gane mutum ko da ya share sawunsa a wayar. An ci shi tarar dala 1,350,000 a 2016. Shekara guda bayan haka majalisar ƙasar ta soke ƙa'idojin da aka tsara don tilasta wa kamfanoni neman izini tukuna. A 2021 hukumar ciniki ta Amurka ta binciki manyan kamfanoni 6, ta tarar da dama cikinsu suna haɗa shafunan da mutum ya shiga da wuraren da ya je, suna kasa mutane kashi-kashi don masu talla.

Kasuwar nan ta iso Afirka. A 2024 Airtel ya buɗe sashen talla na kansa, Airtel Ads. Kafin nan ma saƙonnin talla sun ishi jama'a, har a 2016 NCC ta fito da lamba 2442, wadda in mutum ya aika mata da kalmar STOP za a tsayar masa da su.

Mu ba mu ce talla haram ce ba. In manomin rani a gefen Tiga ya ga tallar taki daidai lokacin da ya ke nema, ya ƙaru. Inda gizo ke saƙa shi ne, waɗanda suka ƙago wannan dabara sun ɗauka waya ɗaya ta mutum ɗaya ce. A ƙauyukanmu kuwa ba haka ba ne. Waya guda ta kan zaga gida: maigida da safe, uwargida da rana, yara da dare, kana ta wuni a rumfar mai caji ran kasuwa. Matar da ta nemi bayani a ɓoye kan rashin haihuwa, ko magidancin da ya leƙa shafin masu rance don bashin taki ya sha kansa, ba su san hannun wa wayar za ta kasance ba sa'ad da tallar za ta fito. Kamfani bai ambaci sunan kowa ba, amma kishiya ta iya lissafi. Bahaushe ya gina zaure don baƙo ya tsaya ya yi sallama, addu'arsa kullum kuwa Allah ya rufa asiri. Ga shi an sami baƙon da ke shiga har ƙuryar ɗaki, ya fito ya yi ishara a tsakar gida.

Wanda ke ganin mun kai abin da nisa, ya tuna da masu ba da rance ta waya, waɗanda suka riƙa kwashe lambobin da ke wayar mai cin bashi suna aika wa danginsa saƙon tozarci. A 2021 hukumar NITDA ta ci ɗayansu, Soko Loan, tarar naira miliyan 10.

DOKA TANA NAN

Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan mutum da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Cikin Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, aka kafa mata hukuma, NDPC. Bisa ga dokar, mutum na da ikon ya tambayi kamfani abin da ya tara a kansa, ya janye izinin da ya bayar, ya kuma ce bai yarda a yi amfani da bayaninsa don aiko masa da talla ba, tilas a daina. Shiru ba ya zama izini. Babban kamfanin da ya saɓa ana iya cinsa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ya samu a shekara, wanda duk ya fi yawa. Gwamnati ta kuma nuna ba ta shakkar manya: a Yuli 2024 hukumar kare masu sayayya ta yanka wa Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda ya ke yi da bayanan 'yan Nijeriya, kotun sauraron ƙara ta tabbatar a Afrilu 2025.

Sai dai dokar ta ce a nemi izini cikin magana mai sauƙi, mu kuwa mu na tambaya: mai sauƙi ga wa? Sharuɗɗan da Turanci su ke zuwa, shafi bisa shafi. Dattijon da ya sayi waya a Kwanar Ɗangora yaron shago ya ke miƙa wa, yaron ya buɗe masa komi, ya danna amincewa a madadinsa, shi ke nan an ce ya yarda. A ganinmu wannan ba yarda ba ce.

Kamfanonin nan sun iya Hausa sarai in za su tallata garaɓasar data a rediyo. Ya kamata NCC da NDPC su sa su faɗi da Hausar nan, da murya ba da rubutu kaɗai ba, abin da su ke tarawa, da wanda su ke ba, da yadda a ke cewa a'a. Ya kamata kuma a sami gajeriyar lamba irin 2442 ta ƙin yarda da bin sawu, wadda mai ƙaramar waya a Doguwa zai iya bugawa ba tare da ya sayi data ko ya biya kuɗin mota zuwa Kano ba.