Zafi Da Igiya: Abin Da Ke Kashe Kare A Mota

Da zarar an gama girbi, daji ya bushe, sai ka ga motocin a-kori-kura a hanyoyin Arewa maƙare da mafarauta da karnukansu. Haka kuma ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Ikko zuwa Kano, tafiyar kilomita kamar 1,000, yakan ɗauko karen gadinsa tare da kaya. Sau da yawa kuwa mai kare yakan sauka lafiya, karen bai kai ba.

Na ga haka da idona a wata tasha da bazara. Wani mutum ya kulle karensa a mota, ya ɗan sauke gilashi, ya tafi cin abinci. Kafin ya dawo karen ya kwanta yana dalalar da miyau, bai ƙara tashi ba.

Dalili shi ne kare ba ya gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafarsa. Da haki yake rage zafin jikinsa. Lafiyayyen kare zafin jikinsa digiri 38 zuwa 39 ne a ma'aunin Santigireti, idan ya wuce 41 ransa yana cikin haɗari. To, a watan Afrilu zafin rana a Sakkwato ko Maiduguri yakan zarce digiri 40, cikin motar da aka tsayar a rana kuwa ya fi haka nesa. Ɗan sauke gilashi ba ya maganin wannan.

Abu na biyu shi ne igiya. Waɗansu sukan ɗaure kare a wuya da doguwar igiya a bayan a-kori-kura. Idan direba ya taka birki, ko karen ya hango wani abu ya yi tsalle, sai igiyar ta rataye shi a jikin bodi, ko ta ja shi a kan kwalta. Ƙarfen bodin ma yakan ƙona masa ƙafa.

Saboda haka, jama'a, a sa kare cikin keji mai shan iska, a ɗaure kejin sosai, a shimfiɗa buhu, a yi masa inuwa. Kada a sa shi a but. A tashi da asuba, a riƙa tsayawa bayan kowace awa 2 ana ba shi ruwa, amma kada a cika masa ciki dab da tashi don gudun amai. Idan zafi ya kama shi, a kai shi inuwa, a zuba masa ruwa mai sanyi, a yi masa fifita, a garzaya wurin likitan dabbobi.

Har ila yau, kafin tafiya a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, irin wadda ake yi a Vom kusa da Jos. Dabbar da take tsare maka gida da dare tana da hakki a kanka a kan hanya.