Muhammad Kurdufani: Injiniyan jirgin sama da ya kai fim ɗin Sudan birnin Cannes

A watan Mayun 2023, wata guda kacal bayan yaƙi ya ɓarke a Kartum ranar 15 ga Afrilu, aka nuna fim ɗin "Wada'an Juliya" a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa. Shi ne fim ɗin Sudan na farko da ya shiga jerin zaɓaɓɓun wannan biki, kuma ya samu lambar yabo ta 'Yanci. Wanda ya rubuta labarin kuma ya ba da umarni, Muhammad Kurdufani, ba a makarantar fim ya koyi sana'ar ba.

Asalin aikinsa injiniyan jiragen sama ne. Ya shafe kimanin shekara 16 yana wannan aiki a ƙasar Bahrain, ga albashi ga rufin asiri. Idan ya tashi daga aiki ne yake ɗaukar kyamara, yana koya wa kansa ɗaukar hoto da tacewa da rubutun labari.

Da gajerun fina-finai ya faro. A 2016 ya fitar da "Nyerkuk", labarin wani yaro da yaƙi ya mayar maraya, ya gudo birni, yunwa ta jefa shi cikin sata. Fim ɗin ya ci lambar Baƙar Giwa a bikin fina-finai masu zaman kansu na Sudan, har ya je bikin Kartaj na Tunisiya. A 2019 kuma, lokacin zaman dirshan a gaban hedikwatar soja a Kartum, an haska wa masu zanga-zanga fim ɗinsa "Kejers Prison", wanda ya yi a kan zaluncin jami'an tsaro. Daga bisani ya ajiye aikin jirgi ya rungumi fim gaba ɗaya.

To me ya haifar da "Wada'an Juliya"? A ƙuri'ar raba gardama ta Janairun 2011, kusan kashi 99 cikin 100 na mutanen Kudu suka zaɓi ɓallewa. Kurdufani ya sha faɗa a hirarraki cewa wannan sakamako ne ya sa ya binciki kansa, ya gane akwai ƙyamar ƙabila a tare da shi wadda ya tashi a cikinta. Sai ya gina labarin a kan mata biyu: Muna, tsohuwar mawaƙiya 'yar Arewa, da Juliya 'yar Kudu, wadda Muna ta ɗauka aikin gida saboda wani laifi da take ɓoyewa. Labarin ya faro daga tarzomar da ta biyo bayan rasuwar John Garang a 2005. Amjad Abu Al-Ala, wanda shi ma fim ɗinsa ya ci lamba a birnin Venis a 2019, shi ya shirya.

Mu Hausawan Sudan ba baƙi ba ne ga tambayar da fim ɗin ya yi, wato wane ne ɗan ƙasa. Abin da ya faru a jihar Blue Nile a Yulin 2022 bai gushe a zukata ba. A nan Mafaza yaranmu kan kwana suna kallon fina-finan Kano a waya, alhali labarin masuntan kogin Rahad da masu yankan riɗi a gonakin Gadarif yana nan yana jiran mai rubutawa. Wayar da ake kallo da ita, ai da ita ake ɗauka.