Turancin Kasuwa: Yadda Ake Faɗin "Ba Zan Iya Ba"

Ƴan uwa fatake, wanda ya tsaya a karar Maigatari ko ta Illela Hausarsa ta ishe shi. Amma da zarar tirela ta gangara da shanu Ibadan ko Agege ta Legas, ko an bi ta Paga zuwa Kumasi da Tulaku a Gana, to sai an taɓa Ingilishi, farasancin da aka tsinta a Maraɗi ko Damagaram ba ya ciniki a can. Kalmar da ta fi jawo rikici kuwa ita ce ta nuna kasawa.

Mu a Hausa mun rarrabe. "Ban iya ba" rashin gwaninta ne, "ba zan iya ba" rashin ƙarfi, "ba ni da hali" rashin kuɗi, "albarka" kuma ƙin tayi ne cikin mutunci. Bature ya tattara kusan duka cikin kalma ɗaya: "can't", wato gajarcen "cannot".

To ga inda gizo ke saƙa. "I can" na nufin zan iya, "I can't" ba zan iya ba. Bambancinsu a kunne ɗan harafin "t" ne na ƙarshe, shi kuwa mutane da yawa haɗiye shi suke yi, balle cikin kukan shanu da ƙarar mota, ko a waya. Mahauci ya ce ka ba shi bijimi biyar bashi zuwa mako mai zuwa, ka ce "ai kan", kai kana nufin a'a, shi ya ji e. Don haka ku bar gajarcen, ku faɗi doguwar: "I cannot", ana furta ta "ai kanot". Ba a sa "to" bayanta. "I cannot sell at that price", ba zan iya sayarwa a wannan farashi ba. Wannan ita ce albarkarku.

Haka in an tambaye ku "You can't pay today?" Bahaushe kan amsa da e, wato e, ba zan iya ba. A Ingilishin makaranta amsar ita ce "No, I can't". Kada ku tsaya kan "yes" ko "no" kaɗai, ku cika maganar: "I cannot pay today."

A shingen hanya a kula ƙwarai. "I will not pay" ƙi ne ƙiri-ƙiri, wato ba zan biya ba, a yi abin da za a yi. Ma'aikaci ya ji haka sai ya ce a faka mota gefe, dabbobi na cikin rana ba ruwa, nama na zubewa. "I cannot pay this amount" ta bar ƙofar magana a buɗe. In an miƙo takarda a ce ku sa hannu, ku ce "I cannot read English", ku nemi a kira maigidanku ko sarkin zango ya karanta tukuna.

Abin da ya wuce kuma "I could not", wato na kasa. Na gaba, "I will not be able to come", ba zan samu zuwa ba. Mai saye ya ce "I can't afford it", ba shanunka ya raina ba, aljihunsa ne bai kai ba. Dillali mai wayo sai ya ja shi wajen ɗan maraƙi.

Gaskiya dai a kara buroka ta fi aiki, daga Legas har Bamenda ta Kamaru, kuma ta fi kusa da tunaninmu. "I no fit", ba zan iya ba. "I no sabi", ban iya ba ko ban sani ba. Sai dai a lura da "I no go fit pay" da "I no go pay": ta farko kasawa ce, ta biyu ƙi.

Akwai wadda ya kamata kowane yaron shanu da ke saman tirela ya haddace. In sa ya faɗi cikin mota ana tattake shi, a buga wa direba a ce: "Stop! This cow cannot stand." Ko da buroka: "Dis cow no fit stand." A tsaya a tayar da shi, in ya ƙi tashi a sa masa wuƙa tun da sauran rai, kafin ya zama mushe.