Idan tarwada ta kamu da ciwo a tanki: Abubuwan da ya kamata ka sani

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a shekarar 1992, kifi ya daina zama baƙo a Tudun Kaya da sauran garuruwan Ƙaraye da Rogo. Ga ta Kusalla kuma. Amma yanzu ba sai mutum ya gaji su ba kafin ya ci kuɗin kifi: tankin siminti ko na tamfol a bayan gida, 'ya'yan tarwada ɗari biyar ko dubu, sai buhunan abinci. Wahalar tana farawa ne ran da mai kiwo ya leƙa da asuba ya tarar uku sun juya ciki sama. Mafi yawanmu kantin magani muke nufa a guje. A ganina nan ne kuskuren farko.

Darasi daga bushiyar teku

A ƙasan teku akwai wata halitta dunƙulalliya mai ƙaya ta ko'ina, a kira ta bushiyar teku. A Turai da Amurka ana ajiye ta a akwatin gilashi mai ruwan gishiri, kimanin giram 35 a kowace lita, don ta riƙa kankare gansakuka daga duwatsun murjani. Idan ba ta da lafiya ba ta kuka, ƙayarta ce take zuba. Wanda ya san aikin ba ya fara da magani, ruwan yake aunawa. Wani maganin kifi mai sinadarin tagulla ma, da za a zuba mata, shi zai ƙarasa ta.

Tsakanin 1983 da 1984 annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na wani nau'inta a tekun Karibiyan, gansakuka ta lulluɓe murjani. Ta sake aukuwa a 2022, sai a 2023 masana suka gano wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani ce ta jawo ta biyun. Mu a nan ba mu da teku, amma tarwadarmu ma haka take: a cikin abin da take numfashi take ci, a ciki take kashi.

Yadda za ka gane da matsala

Alama ta farko cin abinci ne. Lafiyayyar tarwada kokawa take in an watsa abinci. Ran da ka watsa aka yi shiru, kada ka ƙara.

Sannan ka duba ko suna tsayawa a tsaye, kai sama jela ƙasa, ba motsi. Fitowa sama a shaƙi iska a koma ba ciwo ba ne, domin tarwada tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iska kai tsaye. Rataya a sama ne abin tsoro. Sauran alamun su ne gashin baki ya lanƙwashe ko ya cinye, farin tabo, jan miki a jiki, kumburin ciki, da goga jiki a bango.

Ruwa ba ya tsami banza

Nan ne zancen yake. Abincin da ba a cinye ba da kashin kifi suna ruɓewa su saki amoniya, ita kuma tana ƙona wurin numfashin kifi. Dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi, shi ya sa bazara, Maris zuwa Mayu, take cin tankin da aka cunkusa. Daga amoniya ake samun wani sinadari, nitirait, mai hana jini ɗaukar iska har ya koma ruwan ƙasa.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne juriyar tarwada. Karfasa za ta mutu nan take a ruwan da tarwada za ta yi kwanaki a ciki, sai mai kiwo ya ɗauka lafiya lau. Alhali jikinta raunana yake, har ƙwayoyin cuta irin su Aeromonas, waɗanda dama suna cikin ruwan, su sami ƙofa. Mikin da kake gani yau, ruwan makon jiya ne ya haife shi.

Kayan awon ruwa ba su kai kuɗin kifin da ake asara ba. Ma'aunin pH ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Zafin da tarwada ta fi so yana tsakanin digiri 26 da 30. Da hunturu, Disamba da Janairu, ruwa yakan yi sanyi ta rage ci, sai a rage abin da ake ba ta, a rufe saman tanki da dare.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, mu da muke yankin noma. Maganin ƙwari da ake fesa wa wake da tumatir, irin su saifametirin, kaɗan ɗinsa yana kashe kifi. Bokitin da aka haɗa feshi, ko wanke injin feshi kusa da inda ake ɗibar ruwan tanki, ya isa ya share kiwon wata huɗu a dare ɗaya. In kifi manya da ƙanana suka mutu lokaci guda ba miki a jikinsu, guba za ka fara zargi, ba cuta ba. Sabon tankin siminti shi ma yana sakin sinadari, sai an jiƙa shi an zubar sau da yawa kafin a saka kifi. Ruwan burtsatse yana fitowa da ƙarancin iska, gara a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama.

Me za ka yi a ranar farko?

Tsayar da abinci kwana ɗaya ko biyu. Yunwar kwana biyu ba ta kashe tarwada, amma mai kiwo ba ya son jin wannan, gani yake kamar ya zalunce su.

Kwashe matattu ka binne, kada ka bari 'yan'uwansu su cinye su. Zubar da kamar rabin ruwan daga ƙasa inda dattin yake, ka cika da sabo a hankali, ba da tsakar rana ba. Masu miki a ware su, kuma komar da ta shiga tankinsu kada ta shiga wani.

Sai gishiri, na miya wanda kowa ya sani: kilo 2 zuwa 3 a ruwa lita 1,000, a narkar da shi a bokiti kafin a zuba. Yana rage dafin nitirait, yana taimakon fata. Wasu suna ƙarawa da ganyen shuwaka. Ban hana ba, amma shuwaka ba ta wanke tanki.

Ciwon da ke shigowa ta buhu

Idan ka ga ƙashin kan tarwada yana tsagewa, ƙarancin bitamin C ake fara dubawa, kuma yawanci tsohon abinci ne ko wanda ya sha zafi a ɗaki. Buhun da ya yi fumfuna a zubar. Ƙanana kuma cikinsu yakan fashe in an ɗura musu fiye da kima. Waɗanda suka fi girma a riƙa tsame su, in ba haka ba za ka ƙirga dubu ka kwashe ɗari shida, ka ce ɓarawo ne.

Batun magani

Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su oksitetirasaikilin yana da ranarsa, amma likitan dabbobi ko malamin gona mai ilimin kifi ne zai faɗi ranar da adadin. Fasa kafso a watsa a ruwa duk mako “don rigakafi” koya wa cuta jure magani ne, kuma cutar ba a tanki take tsayawa ba. Kwalejin Noma ta Audu Baƙo da ke Dambatta tana koyar da harkar kifi, akwai kuma cibiyar binciken kifi ta ƙasa a New Bussa, jihar Neja.

Kifin da aka ba magani yana da kwanakin jira kafin a ci shi. Wanda ya ga suna mutuwa ya kwashe su da maganin a jiki ya kai kasuwa ko ya yi bandarsu, yaran maƙwabta ne za su ci da tuwo. Don Allah ka tambayi likita kwana nawa za ka jira, ka rubuta ranar a jikin tankin.