Ɗan Mahaƙin Rijiya a Ajin Duwatsu

Ruwa ne ya kai ni jami'a. Bara mutanen layinmu suka yi karo-karo aka kira masu injin burtsatse. Kwana biyu injin yana ruri a ƙofar masallaci, farar ƙura tana tashi, daga ƙarshe suka naɗe kayansu suka ce ƙasa ta ƙi. Abin haushin, a bayan layin, tafiyar da ba ta kai minti uku ba, akwai wata burtsatse da ke zuba dare da rana. Wasu suka ce an cuce mu, wasu suka ce hannu aka sa. Wani abokina da ke koyarwa a sashen ilimin ƙasa da duwatsu, wanda ɗalibai ke kira jiyoloji, ya ce in daina ɓata bakina, in zo in zauna a ajin 'yan shekarar farko, amsar tana can.

An karɓe ni hannu bibbiyu, aka ba ni kujera a baya.

Kafin ƙarfe takwas zauren lakca ya cika, wasu a bakin taga, wasu a tsaye da littafi a tafin hannu. Daga hirar da ake yi kusa da ni na gane cewa da yawansu ba wannan kwas suka nema ba. Wannan likitanci ya cike, waccan harhaɗa magunguna, maki bai kai ba aka turo su nan. Wata yarinya ta ce min ranar da ta gaya wa kakarta abin da aka ba ta, tsohuwar ta riƙe baki ta ce, "Duk wahalar nan dutse za ki karanta? Ga su nan a bayan gida, kyauta."

Malamin ya shigo da dutse a hannu. Ya ce ƙasar da Kano da Zariya da Kaduna ke zaune a kanta tsohon dutse ne mai tauri, kuma duwatsu irin na Kufena sun kai shekara miliyan 600. Na tudun Jos kuwa, waɗanda suka ba da kuzar da ta jawo Turawa, masana suna kiransu ƙanana, domin shekarunsu ba su wuce miliyan 160 da 'yan kai ba. Aji ya fashe da dariya. Da ya zo kan Sakkwato ya ce a wani zamani teku ce ta rufe yankin, kuma farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a ƙarƙashin tekun ya taru, sai wani Basakkwace ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, Sakkwaton da na sani?" Malam ya ce ita fa, kuma a wajen Dange da Wurno an tono haƙoran kifayen teku da ƙasusuwan kadoji da kunkuru da suka zama dutse. Yaron ya zauna yana girgiza kai, amma na ga ya rubuta.

Da rana aka shiga ɗakin gwaji, kuma a nan na ga kwas ɗin da gaske. An jera duwatsu a tire, kowanne da lambarsa, ɗalibai sun yi da'ira suna miƙa wa juna madubin ƙara girma ɗaya. Ana koya musu ma'aunin tauri da wani Bajamushe mai suna Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, lu'ulu'u a sama. Farcen mutum yana wajen 2.5, gilashi wajen 5.5, farar ƙanƙarar nan da yara ke ƙyasta wuta da ita tana 7. Sai ka ga babban saurayi ya duƙufa yana kartar dutse da farce kamar mai cire ƙaya. A ɗiga ruwan asid a kan farin dutsen siminti ya yi kumfa, 'yan mata su ja da baya. Wani dattijo mai kula da ɗakin yana tsaye a bakin ƙofa, yana ƙirga duwatsun kafin kowa ya fita, domin ya ce an sha tafiya da masu ƙyalli a aljihu. Abin da ke ba yaran tsoro shi ne sunayen, waɗanda yawancinsu daga Girkanci da Latin suka fito. Ɗalibi ya gane dutse sarai da ido da hannu, ya zo rubuta sunan harafi ɗaya ya kayar da shi. Kalmar kari-oba, wato maimaita kwas ga wanda ya faɗi, ba ta barin bakinsu.

A ƙarshen tebur na lura da wani siririn yaro da bai damu da madubin ba. Yana ɗaukar dutse ya jijjiga shi a hannu, ya murza da babban yatsa, ya ajiye. Da aka tashi na bi shi gindin wata darbejiya, na ce, "Ɗana, kai kamar ka taɓa sanin waɗannan abubuwa."

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, mahaifina mahaƙin rijiya ne. Tun ina ɗan shekara goma nake jan guga ina zubar da ƙasa."

Shi ma likitanci ya nema. Ya ce makonnin farko bai gaya wa kowa a gida abin da aka ba shi ba, don kunya: uba ya sha wahalar rami don ɗa ya fita daga rami, ga shi makaranta ta mayar da shi. Yana zuwa lakca ne kawai don kada a rasa sunansa a takarda. Har ranar da Malam ya zana yankan ƙasa a allo, daga sama zuwa ƙasa.

"Baba, ina kallo sai na ji gabana ya faɗi. Rijiyar babanmu ce ya zana. Jar ƙasa a sama, sai marmara, sai yumɓu, sai ruɓaɓɓen dutsen nan da ke marmashewa a hannu, sai fa. Babanmu yakan ce idan ka kai ruɓaɓɓen dutse ka fara bismillah, ruwa ya kusa. Idan diga ta yi ƙara ta dawo maka, ka kai fa, ka fito. Malam ya faɗi haka daidai, da Turanci kawai."

A daren ya buga wa mahaifinsa waya ya ba shi labari. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce ashe akuyar da ya sayar ya biya kuɗin makaranta don a gaya wa ɗansa abin da ya sani ne.

Sai yaron ya yi shiru, muryarsa ta sauya. Ya ce a garinsu daga watan Maris rijiyoyi ke komawa laka, har sai damina ta sauka. Mahaifiyarsa da ƙannensa mata suna fita bayan asuba da jarkoki zuwa wani busasshen rafi, su tona yashi su jira ruwa ya tsatso, su kwashe da ƙoƙo. Ƙanwarsa da ke binsa takan rasa darasin safe duk bazara. Abin da ya fi cin ran mahaifinsa shi ne, sana'arsa ruwa, amma gidansa na shan na rafi, kuma mutane ba sa fasa yi masa ba'a. Sau biyu gari ya tara kuɗi aka kawo inji, sau biyu ƙura ta fito.

Na ce masa ai ciwonmu ɗaya, na ba shi labarin layinmu. Ya karyo tsinke ya fara zane a ƙasa, kuma a nan gindin darbejiya na sami amsar da na zo nema. Ya ce a yankin Sakkwato da Borno ƙasa dutsen yashi ce mai shan ruwa kamar soso, shimfiɗe wuri mai faɗi, shi ya sa a Borno aka yi burtsatsen da ke feso ruwa da kansu ba famfo. Mu da ke kan tsohon dutse ba mu da wannan gatan. Ruwanmu yana ɓuya ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da kuma cikin tsagogin da ke jikin fa. Wanda ya faɗa kan tsaga ya sha, wanda ya kauce mata da 'yan taku ya ci ƙura. Akwai na'urar da ake kafa wa ƙarafa a ƙasa a tura lantarki, inda ke da damshi wutar ta fi wucewa da sauƙi, a gane inda ya fi dacewa a haƙa. Ba ta ba da tabbaci, amma ta fi jefa ƙuri'a. Ya ce, "Wannan ne babanmu bai sani ba. Shi a kan fa yake tsayawa, ashe wani lokaci ruwan yana ƙarƙashinsa." Na tuna cewa a layinmu ba wanda ya auna komai, ƙofar masallaci aka zaɓa don ta fi kusa da alwala.

Na'urar sai a aji na gaba zai taɓa ta, in ya tsallake. Abin da ke gabansa yanzu fita daji ne, wadda malamai ke cewa ita ce rabin kwas. Ana bukatar kuɗin mota da takalmi mai kauri da guduma da kamfas, shi kuwa silifas ne a ƙafarsa, gudumar ma ta mahaifinsa zai aro. Wurare da dama da magabatansu suka je gani, yanzu rashin tsaro ya hana, sai dutsen da ke kusa da gari, a je da safe a dawo kafin la'asar. Yarinyar nan da kakarta ta yi wa dariya ta ce ita fitar take ɗoki, tun ranar da aka yi musu bayanin gubar dalmar Zamfara ta 2010, yadda aka riƙa niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, dalmar da ke jikinsa ta kashe yara fiye da 400. Ta ce da ta koma hutu wannan labarin ta ba kakarta, tsohuwar ba ta sake maganar duwatsun bayan gida ba.

Kafin mu rabu ɗan mahaƙin ya buɗe jakarsa ya nuna min ƙullin leda biyar, kowanne da takarda a ciki. Ƙasar rijiyar ƙarshe ce da mahaifinsa ya haƙa, gaba ɗaya-ɗaya har zuwa fa, direban motar garinsu ya kawo masa. Zai kai wa Malam ya duba.

Jarabawarsu saura mako uku. Mu kuma a layinmu an fara sabon karo-karo, kuma na ce ba zan ba da ko kwabo ba sai an auna ƙasar tukuna.